Jinin Haihuwa: Abin da Aka Gano da Aka Daina Kintace

A gidajenmu kukan jariri shi ne ƙarshen fargaba. Da ya tsanyara sai a rangaɗa guɗa, a ɗauki waya a shaida wa maigida da dangi cewa an sauka lafiya, hankalin kowa kuma ya koma kan abin da aka samu: mace ce ko namiji, wa ya ɗebo a kama. Ita mai jego sai a lulluɓe ta a ce ta huta. Ungozomar da ta daɗe a ɗakin haihuwa ba ta sakin jiki a wannan lokaci, don ta san awa ɗaya zuwa biyu na bayan fitowar jariri su ne mafi haɗari a duk watannin nan tara.

Ga dalili. Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya yakan haura rabin lita. Da mabiyiya ta ɓanɓare daga jikin mahaifa, sai ta bar jijiyoyin jini a buɗe a inda take manne. Abin da ke rufe su shi ne mahaifar da kanta: ta tsuke, ta yi tauri kamar dunƙulallen hannu, ta matse jijiyoyin. In ta gaji ta saki, saboda doguwar naƙuda, ko tagwaye, ko yawan haihuwa, ko ma ba wani dalili da ake gani, jini zai ci gaba da kwarara. Wannan sakin mahaifa shi ke jawo kusan bakwai cikin goma na zubar jini bayan haihuwa. Sauran sun haɗa da yagewa a hanyar haihuwa, da guntun mabiyiya da ya maƙale, da jinin da ya ƙi daskarewa. Likitoci sun sa iyaka a mililita 500, wato daidai ledar fiyawata ɗaya. In an kai lita ɗaya, abin ya yi tsanani. Macen da take magana da kai yanzu tana iya rasuwa cikin awa biyu idan ba a tare shi ba.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 14 ne ke fuskantar wannan zubar jini kowace shekara, kusan 70,000 kuma su rasu. A ƙiyasin 2023, mata kusan 260,000 ne suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kimanin 75,000 daga cikinsu a Najeriya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, a ƙasa ɗaya. Da wuya a sami zuri'a a Arewa wadda ba ta da yaron da ake cewa a haihuwarsa uwarsa ta rasu.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: me masu bincike a jami'o'i suka yi a kan wannan al'amari, me suka gano, kuma ina abin da suka gano ya tsaya?

Zan fara daga Zariya, don can ne aka fara yi mana ƙidaya ta gaskiya. Farfesa Kelsey Harrison, likitan mata ɗan Abonnema ta yankin Neja Delta, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1981. Tsakanin 1976 da 1979 shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere, ba tsallake, a asibitin koyarwa na jami'ar: shekarun mace, tsawonta, ko ta je awo, ko ta yi makaranta, halin da ta iso, yadda ta kare. An buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito ƙarara shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo a galabaice bayan an gama gwada komai a gida, kuma akasarinsu ba su yi karatun boko ba. Yau wannan magana kowa na iya faɗa. A lokacin kuwa ba wanda ke da lissafinta a hannu, kuma wannan lissafi na Zariya yana cikin hujjojin da suka sa aka yi taron Nairobi na 1987, inda duniya ta fara ɗaukar mutuwar mata wajen haihuwa a matsayin matsala mai zaman kanta.

Magunguna kuwa sun riga wannan ƙidaya. Oksitosin, allurar da ake yi wa mace a cinya da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke, sinadari ne da jiki ke yi da kansa. Vincent du Vigneaud na Jami'ar Cornell a Amurka ne ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1953, ya sami kyautar Nobel bayan shekara biyu. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto. Ita da mijinta Shosuke sun yi aiki a Jami'ar Keio bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da zubar jini ke kashe matan Japan wajen haihuwa, suna neman abin da zai hana gudan jinin da ya daskare a bakin rauni narkewa. A 1962 suka sanar da maganin da ake kira tiranezamik. Don masu haihuwa ta nemo shi, amma ta kasa shawo kan likitocin mata na ƙasarta su gwada shi a kansu. Maganin ya shiga hannun masu cire haƙori da masu tiyata da matan da al'adarsu ke yin yawa, ya yi kusan shekara hamsin yana yawo a kantunan magani, ba wanda ya tabbatar ko yana ceton mai jego.

Sai a 2010 makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Jami'ar Landan ta fara gwajin da aka sa wa suna WOMAN, ƙarƙashin Haleema Shakur da Ian Roberts. Mata 20,060 masu zubar jini, a asibitoci 193 na ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da yawa. Rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu wadda ba magani a ciki, a kan duk sauran kulawar da aka saba, kuma likita da majiyyaciya ba wanda ya san wace ce wace. A watan Afrilun 2017 mujallar The Lancet ta buga sakamako: mutuwa saboda zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, in kuma an yi allurar cikin awa uku da haihuwa, da kusan ɗaya cikin uku. Bayan awa uku ba ta da wani amfani. Utako Okamoto ta rasu a Afrilun 2016 tana da shekara 98, shekara guda kafin a bayyana sakamakon.

To, ga oksitosin, ga tiranezamik, ga ƙarin ruwa, ga murza ciki da kowace ungozoma ta iya. Me ya sa mata suke mutuwa a cikin asibiti, a hannun ma'aikata? Amsar da aka samu tana da sauƙi har mutum ya ji takaicin daɗewar da aka yi ba a kama ta ba. Ido ba ya iya auna jini. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya zuba a ƙasa, wani ya gauraya da ruwan da jariri ya zauna a ciki. Ungozoma ta duba ta ce bai kai ba. Jikin mace mai ƙuruciya kuma yana ɓoye halin da yake ciki: bugun zuciya da awon jini sukan zauna daidai har sai an yi asara mai yawa, sannan su rikito gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, yadda aka saba shi ne a gwada abu ɗaya a jira a gani, in bai yi ba a gwada na gaba, a aika neman likita, a aika miji kemis. Kowane jira jini ne ke tafiya.

Wannan ne ya haifar da binciken E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta ƙarƙashin Farfesa Arri Coomarasamy, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'o'in ƙasashen da aka yi aikin. Ɓangaren Najeriya Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta riƙe shi. Asibitoci 80 aka ɗauka a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, kusan rabinsu a Najeriya, kuma irin asibitocin gwamnati ne masu cunkoso da talaka ke zuwa. Mata 210,132 suka haihu a cikinsu a tsawon binciken, daga 2021 zuwa 2023.

Tsarin aikin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya sa ake iya gaskata sakamakon. Da farko an bar kowane asibiti yana aikinsa yadda ya saba na wata bakwai, ana rubutawa kawai. Daga nan aka jefa ƙuri'a, rabi suka karɓi sabon tsari, rabi suka ci gaba da nasu. Ƙuri'ar tana da muhimmanci: da masu binciken ne suka zaɓa da hannunsu, da an ce asibitocin da suka fi kyau suka ɗauka. Sabon tsarin kuwa ba sabon magani ko ɗaya a cikinsa. Leda ce ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, mai aljihu kamar mazurari, an zana mata layukan awo, jinin ya taru a ciki ana ganin inda ya kai. Ungozoma tana dubawa kowane minti goma sha biyar a awar farko. In ya kai layin 500, ko ya kai 300 tare da wata alama ta rauni a jikin macen, ba jira: a murza mahaifa, a ba da maganin tsuke ta, a yi allurar tiranezamik, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya, duk a lokaci guda, in bai tsaya ba a kira na gaba. Kayan duka suna cikin akwati ɗaya ko a kan teburi mai taya a ɗakin, kuma an ba ungozoma izinin farawa ba sai likita ya iso ba. A ganina wannan izini yana cikin abubuwan da suka fi nauyi a tsarin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, domin a asibitocinmu da tsakar dare ungozoma ce ke nan.

Su ma asibitocin da ba su karɓi tsarin ba an shimfiɗa wa matansu leda, amma marar layi, sai daga baya a ɗora ta a sikeli. Da haka aka san gaskiyar jinin da kowace mace ta zubar, aka kwatanta da abin da ma'aikata suka ce. A inda ake kintace da ido, kashi 51 cikin 100 kawai na masu zubar jini aka gane. Wato cikin mata biyu da jininsu ya wuce iyaka, ɗaya ba wanda ya lura da ita. A inda ake da leda mai layi, an gane kashi 93. Zubar jini mai tsanani, ko tiyatar buɗe ciki saboda jini, ko mutuwa saboda shi, sun sami kashi 4.3 cikin 100 na matan da ke tsohon tsari, kashi 1.6 a sabo. Raguwar kashi 60 ke nan. An buga a New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023, a Disambar shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da auna jini da haɗa magungunan wuri guda shawararta ga ƙasashe. A 2024 mujallar TIME ta sa Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafi tasiri a harkar lafiya a duniya.

Akwai gyara ɗaya da ya kamata a yi wa yadda labarin ya yaɗu. An yi ta cewa tsarin ya rage mutuwar mata da kashi 60. Abin da ya ragu da kashi 60 shi ne waɗancan abubuwa uku a haɗe, kuma mafi yawansu zubar jini mai tsanani ne. Waɗanda suka rasu a ɓangaren sabon tsari sun fi kaɗan, amma adadin bai kai a yanke hukunci a kansa shi kaɗai ba. Wannan bai rage darajar aikin ba. Macen da aka tsayar wa jini kafin ya kai lita ba ta buƙatar a tashi dangi neman leda biyu ta jini da ƙarfe uku na dare. Amma mai son bincike ya amfane shi dole ya faɗe shi daidai gwargwadonsa, don ranar da aka kama ƙari a magana ɗaya, sauran ma za a daina yarda da su.

Ba kowane gwaji ke ƙarewa da murna ba, kuma waɗanda ba su ƙare da ita ba su ma ilimi ne. Masu WOMAN sun sake wani, a kan mata sama da 15,000 masu ƙarancin jini a Najeriya, Pakistan, Tanzaniya da Zambiya, don su ga ko yin allurar tiranezamik tun kafin jini ya ɓalle zai hana shi. Sakamakon 2024 ya nuna bai hana ba. Abin da aikin ya ƙara fitarwa fili shi ne haɗarin ƙarancin jinin kansa: macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan ta fi saurin zubarwa, kuma abin da wata za ta zubar ta tashi, ita zai kwantar da ita. Don magance wannan ƙarancin jini, Jami'ar Legas, ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi, ta gwada ba masu ciki sinadarin ƙarfe ta jijiya maimakon ƙwayoyin da ake rabawa a wurin awo, a asibitocin Legas da Kano. Duk wadda ta yi ciki ta san waɗannan jajayen ƙwayoyi, ta kuma san nawa ke ƙarewa a ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya.

Daga nan maganar ta bar hannun jami'a ta koma hannun gwamnati da kasuwa, kuma nan ne nake jin zafin abin. Oksitosin yana buƙatar sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama, kwalbar da ta daɗe a kan kanta ƙarfinta raguwa yake yi. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gwada samfuran oksitosin da aka tattaro a faɗin Najeriya, kusan uku cikin huɗu suka faɗi gwajin inganci. Shi ya sa za ka ji ungozoma ta ce sai ta ninka allurar kafin ta ga aiki. An sami mafita a wani magani ɗan'uwansa, kabetosin mai jure zafi, wanda aka gwada a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya, aka nuna a 2018 cewa yana rigakafin zubar jini kamar oksitosin ba tare da firji ba. Samunsa a asibitin ƙaramar hukuma magana ce ta kasafin kuɗi da tsarin saye. Haka ledar awon: sau ɗaya ake amfani da ita, kowace haihuwa sai sabuwa. In ta ƙare a sito, an koma ido.

Babban giɓin kuma ya fi wannan. Duk abin da na lissafa a asibiti aka yi shi. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran a ɗaki suke sauka, wasu su kaɗai a bayan gado, don an koya musu cewa dauriya da kunya ke nan, musamman a haihuwar fari. A can ba leda, ba allura. Akwai kuma maganar da na sha ji a bakin tsofaffi, cewa jinin ƙazanta ne, gara ya fita kar ya zauna ya zama ciwo. Jinin biƙi da ke zuwa kaɗan-kaɗan na makonni daban, wanda ke jiƙa zani ɗaya bayan ɗaya a awar farko daban, kuma rashin raba su ya ci rayuka.

A nan ma Zariya ta taɓa gwada wani abu. Najeriya ta yi wa ƙwayar misofurostol rajista don zubar jinin haihuwa a 2006. Ƙwaya ce, ba ta son firji, ba ta son allura. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Dakta Clara Ejembi, tare da takwarorinsu na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, sun kai ta wasu garuruwa na kewayen Zariya. Ba su fara da rabon ƙwaya ba. Sun fara da masu unguwanni da malamai da mazaje da ungozomomin gargajiya, aka zauna aka yi bayani, aka bar mutanen gari suka zaɓi waɗanda za su ajiye maganin. Matan suka karɓa suka sha bayan fitowar jariri. Wannan hanya ta zama da mutane ba ado ba ce a ƙasar da ba ta manta 1996 ba, shekarar da kamfanin Pfizer ya shigar da yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye. Duk mai zuwa da takarda ya ce bincike yake yi a Arewa yana ɗauke da wannan tarihi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ba abin da ke sauke masa shi sai bayani da Hausa, a fili, da barin mace ta ce a'a ba tare da an canza mata fuska ba.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne wanda ke biyan kuɗin waɗannan ayyuka. E-MOTIVE gidauniyar Bill da Melinda Gates ce ta ɗauki nauyinsa. WOMAN kuɗin Ingila ne da na gidauniyoyin waje. Ba laifi ba ne, kuma ina gode musu. Amma mai biya yana da baki a zaɓen tambaya, kuma akwai tambayoyin da ba wanda zai yi mana su daga Birmingham ko Landan. Wace alama ce miji ko uwar miji za su iya ganewa a ɗaki da fitilar waya, su san lokacin neman mota ya yi? Zani nawa ne ledar fiyawata ɗaya? Me wankan jego da kunun kanwa ke yi wa jikin da ya riga ya yi asarar jini, alhali tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta su da ciwon zuciya na bayan haihuwa? Ta yaya za a sa maza su ba da jini tun matansu na zuwa awo, maimakon ranar da ake kuka? Muna da tsangayoyin likitanci a Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, da ɗalibai da ke neman abin da za su rubuta, da asibitocin da mata ke haihuwa a cikinsu dare da rana. Harrison da takarda da biro ya bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, a Zariya tun daga 1976.